Daga Uke Zuwa Sakatariya Cikin Duhu: Yadda Ake Bin Sawun Wutar Fitilar Mota

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke kwana a Uke ba ya jiran gari ya waye kafin ya tayar da mota. Yana sallame sallar asuba ya hau titi, domin ya san abin da ke gabansa: Masaka, Ado, Mararaba, Nyanya, tudun Kugbo, kafin ya kai AYA ya miƙe zuwa Sakatariyar Tarayya. Wanda ya ƙara 'yan mintuna a kan katifa zai biya su ninki a cunkoson Mararaba. Dawowa ma haka take. An ce ƙarfe 4 ake tashi aiki, amma hadimin da sai maigidansa ya sallame shi, da ma'aikacin da ya tsaya ɗaukar fasinja don rage kuɗin mai, ba sa ganin ƙofar gidansu sai an yi isha'i.

Garin Uke yana Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, kan titin Abuja zuwa Keffi, amma da yawa daga cikin waɗanda suka tare a can abincinsu a Abuja yake. Tsadar haya ce ta turo su. Tun 2003, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fito da tsarin mayar da gidan gwamnati da motar ofis kuɗi a cikin albashi, yawancin ma'aikata suka koma su ne direbobin kansu, su ne kuma masu kula da lafiyar motocinsu. Suna duba baƙin mai, suna duba ruwan lagireto, suna buga taya da ƙafa. Fitila kuwa ba a tunawa da ita sai jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ya ɗaga hannu, tunda tuƙi da matacciyar fitila yana cikin laifukan da hukumar ke cin tara a kansu, ko kuma sai na baya ya taka birki har tayoyinsa sun yi ƙara.

Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a, wanda shi ne iyakar da doka ta ba ƙananan motoci a babban titi, tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Gajeren haske mai lafiya, wanda direbobi ke kira dim, bai fi ya nuna mita 50 zuwa 60 ba. Ke nan daƙiƙa biyu ne tsakanin hango tirelar da ta lalace ba danja da isa gare ta. In hasken ya dushe, biyun ma ba su cika ba. Na baya ya fi wannan muni, domin direba yana iya shafe wata guda fitilar birkinsa a mace bai sani ba. Duk wanda ke titin yana ganin hakan, ban da shi.

Wuta tafiya take yi, ta kuma dawo

Abin da ke mayar da gyaran fitila hanyar asarar kuɗi shi ne mai mota ya ɗauka ƙwai ne kaɗai ke mutuwa. Ya sayo ya sa, bai kama ba, ya zargi mai shago da sayar masa da jabu, ya sake sayo wani. In ya gaji ya kai wa mai wayarin, wanda in aka yi rashin sa'a zai zaro reza ya fara feƙe wayoyi tun kafin ya tambayi yadda abin ya soma.

Alhali hanyar da wuta ke bi sananniya ce. Daga batir take tashi, ta ratsa fiyus, ta jira izini daga makunnin da ke jikin sitiyari, a yawancin motoci ta bi ta rile, sannan ta bi waya zuwa soket ta shiga ƙwai. Ba a nan take tsayawa ba. Dole ta koma batir, in ba haka ba ƙwai ba zai kama ba ko da sabo ne fil. Masu ƙera mota ba su ja mata doguwar waya ta komawa ba. Wata gajeruwa suka ɗaure da noti a jikin ƙarfen motar, ƙarfen ya kai ta gida. Ita ce masu wayarin ke kira at. Duk fitilar da ta ƙi kamawa, a ɗaya daga cikin waɗannan zangogi wutar ta maƙale. Aikin shi ne a gano wanne, kuma motar kanta takan ba mai lura rabin amsa.

In ido ɗaya ne ya mutu ɗayan na ci, laifin yana kusa da shi: ƙwai, ko soket, ko fiyus ɗinsa, domin motocin Japan da yawa sun ware wa hagu nasa fiyus, dama nasa. Gwajin ba ya cin ko kwabo. A ciro ƙwan da ke ci a sa a gurbin wanda ya mutu. In ya kama, tsohon ƙwai ne ya ƙare. In bai kama ba, ƙwai ya fita daga zargi, sai a leƙa soket ko ya yi baƙi, ko robarsa ta narke, ko haƙoransa sun yi kore. Sai dai kada a kama gilashin ƙwan halojin da yatsa, domin maiƙon hannu yakan zauna a kansa ya tara zafi wuri ɗaya, ya rage masa kwana.

In kuwa duka biyun suka ɗauke lokaci guda, da wuya a ce ƙwai biyu sun yi ajali a dare ɗaya. A nemi abin da suka yi tarayya a kansa: babban fiyus, rile, ko makunni. Rile ɗan akwati ne da ke gidan fiyus a ƙarƙashin bonet. Aikinsa ya karɓi ƙaramar wuta daga makunni ya buɗe wa babba hanya, don kada nauyin ya bi ta sitiyari. A motoci da yawa rilen fitila da na hon iri ɗaya ne, lamba ɗaya. A musanya su. In fitila ta kama hon ya yi shiru, magana ta ƙare. Akwai dai wata gaskiya da ba kowa ke son jin ta ba: sau da yawa ɗayan ƙwan ya mutu tun makonni, mai motar bai lura ba sai da na biyun ya bi shi.

Motar da ke cin ƙwai kamar gyaɗa kuma, ba kullum ne mai shago ke da laifi ba. Batir mai lafiya yana nuna volt 12.6 in inji a kashe yake, in yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In mita ta nuna ya haura 15, altaneta ce ke turo wuta fiye da ƙima, kuma za ta ci gaba da ƙone duk ƙwan da aka sa kafin ta juya kan batir ɗin kansa.

Sigina ta fi sauran faɗin gaskiya. In ta soma ƙyaftawa da sauri a gefe ɗaya, wani ƙwai na wannan gefen ya daina jan wuta, gaba ko baya.

Fitilar birki tana da nata makunni, ɗan ƙarami a saman fedar birki, inda sai mutum ya durƙusa ya leƙa. Ƙananan motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga samfurin 1986 suna da fitilar birki ta uku a tsakiya, kuma ita ce shaida. In tana ci biyun gefe ba sa ci, makunni lafiyarsa lau, a nemi ƙwai ko waya a baya. In duka ukun sun mutu, a koma kan fiyus da makunni. A mota mai giyar otomatik akwai ƙarin alama, wato giya ta ƙi fita daga P ko an taka birki, domin saƙon da take jira daga wannan makunnin yake zuwa. Akasin haka ma na faruwa. Mutum ya fito da asuba ya tarar batir ya mutu, maigadi ya ce jar wuta ta kwana tana ci a bayan motar. In ya duba kafet ƙarƙashin feda zai ga ɓurɓushin roba: ɗan maɓallin da ke danne makunnin ne ya tsufa ya farfashe.

Mai laifin da ba a tuhuma

Ita at ta cancanci a dakata a kanta, domin ta fi komai jawo a yi wa mota tiyatar da ba ta buƙata. Alamunta sun yi kama da aikin iska. A taka birki, sigina ta yi haske dishi-dishi. A kunna sigina, danja ta riƙa ƙyaftawa tare da ita. A kunna fitilar dare a taka birki, jar ta mutu maimakon ta ƙara haske. Wani lokaci kibiyar da ke dashbod ta kawo wuta ba wanda ya taɓa ta. Mai mota ya ga haka sai ya yanke cewa wayarin ɗin motar duka ya rikice, kuma ba a rasa wanda zai tabbatar masa da hakan ya yanka masa kuɗi.

Abin da ya faru bai kai haka ba. Fitilun baya na gefe ɗaya galibi at ɗaya suke amfani da ita. In notinta ya yi tsatsa ko ya saki, wutar da ta ratsa ƙwan birki ta rasa hanyar gida, sai ta kutsa ta cikin ƙwan sigina ko na danja tana neman ƙarfe ta can, kamar ruwan saman da ya tarar an toshe kwata ya faɗa gidan maƙwabci. Ƙwan baya mai zare biyu, wat 21 na birki da wat 5 na danja, ya fi saurin nuna wannan. Mai wayarin da ya san aikinsa zai ɗauko guntun waya, ya haɗa kai ɗaya da tsaftataccen ƙarfe, ɗayan da gefen at na soket. In fitilun suka dawo hayyacinsu, an gano. Sai a kwance notin, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya fito fari, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris don hana tsatsa komawa.

Wannan cuta tana da dalilin yawa a hanyar Keffi. Damina a yankin Abuja tana kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma wanda ya sauka daga babban titi zuwa lungunan da ba kwalta ya san yadda mota ke iyo kafin ta kai ƙofar gida. Masu wankin mota suna ƙara nasu da ruwa mai ƙarfi. Sai kuma wanda ba a cika lura da shi ba: motar da aka daka ta baya a cunkoso, aka kai wa mai gyaran jiki ya buga ya fesa fenti, ya mayar da wayar at ya ɗaure ta a kan sabon fentin. Fenti ba ya wuce wuta. Motar ta fito tana ƙyalli, fitilunta kuma sun haukace.

Haka abin yake ga fitilar gaba da ta koma rawaya kamar aci-balbal. A nan mita ma tana iya yin ƙarya. In aka cire ƙwai aka auna soket, za ta nuna volt 12 ko da zare ɗaya tal ya rage a cikin wayar, domin ba a ɗora mata kaya ba. Aunawar gaskiya sai fitila na kunne. In tsakanin kan batir da soket an rasa fiye da rabin volt, akwai inda wuta ke wahala a hanya, ko a wani mahaɗi da ya yi tsatsa ko a cikin makunni. Asarar ba ƙarama ba ce: ƙwan halojin da aka rage wa kashi 10 cikin 100 na ƙarfin wuta yana rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na haskensa. Mai irin wannan mota ba ƙwai mafi ƙarfi yake buƙata ba, hanya yake buƙata a share.

Akwai kuma fitilar da ke zuwa tana tafiya. In ta jikin murfin but ce, a duba inda damin wayoyi ke lanƙwashewa kusa da maɗaurin murfin, domin shekarun buɗewa da rufewa suna karya waya daga ciki, robarta kuwa lafiya lau a ido. Ɓera ma yana da nasa rabo, musamman a motar da ke kwana kusa da ciyawa.

Fiyus an yi shi ne don ya mutu

Da gangan aka yi fiyus mai rauni, don ya ƙone kafin waya ta ƙone. Launinsa ke faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30, kuma a cikin murfin gidan fiyus akwai zanen da ke nuna na kowace fitila. In ya ƙone sau ɗaya, a sa irinsa. In sabon ya sake ƙonewa, wata waya mai wuta tana taɓa ƙarfe a wani wuri, kuma lokacin da yake ƙonewa shi ne sawun da za a bi. Sai an sa ribas? Sai an taka birki? Sai an faɗa rami, ko an yi ruwa? Mai motar da ya kawo wannan amsar ya rage wa mai gyara rabin yini.

Abin da ake yawan yi a bakin titi kuwa shi ne a sa na 30 a gurbin na 10, ko a naɗa takardar azurfa ta kwalin sigari, ko a murɗa zaren waya a cusa. Fitila za ta kama, mai mota ya biya yana godiya. Amma taɓawar tana nan, sai dai yanzu wayar ce za ta ɗauki zafin, kuma tana cikin dami ɗaya da wasu gommai a bayan dashbod, inda ba a ganin hayaƙi sai ya yi nisa. Duk mai wayarin da ya yi wannan a gaban mai mota ya gama gabatar da kansa, abin da ya rage a karɓi mukulli. Ƙwararru suna da dabarar da ta fi wannan: su haɗa ƙwan fitila a gurbin fiyus ɗin. Muddin taɓawar na nan ƙwan zai ci da ƙarfi. Sai su riƙa cire soket ɗaya bayan ɗaya, suna girgiza damin wayoyi, har ya dushe. Inda ya dushe, nan ɓarnar take.

Abin da mota ta zo da shi, da abin da aka ƙara mata

Yawancin motocin da ke wannan hanya na kwatano ne, kowace da dokar ƙasar da aka ƙera ta dominta. Amurka ta yarda da jar sigina a baya, har wasu motocin ƙwai ɗaya ke yin birki da sigina, alhali Turai ruwan lemo ta wajabta. Wannan ba lalacewa ba ce, bai kuma kamata a yanke waya don gyara shi ba. Wanda ya fi haɗari shi ne fitilar rana, wadda Kanada ta wajabta tun ƙarshen 1989, Tarayyar Turai kuma a 2011. Tana kamawa da kanta da an tayar da inji, dashbod ɗin sababbin motoci kuma kullum a haske yake. Direba ya fito da asuba ya ga ɗan haske a gabansa, ya ga allonsa na ci, ya ɗauka ya kunna fitila, alhali a motoci da yawa bayansa baƙi ƙirin ne. Babu wayar da ta lalace a nan. Makunni ne ba a murɗa ba.

Motar da ambaliya ta taɓa cinyewa kafin a yi gwanjonta a can takan iso tsaf, sai bayan watanni kore ya soma fitowa a mahaɗan wayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka juya wa sitiyari kuma tana da nata ciwon. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, amma fitilar motar da aka ƙera don Ingila ko Japan tana ɗaga haskenta ne ta hagu, wanda a nan ke nufin idon mai tahowa. Maganin wannan sauya gidan fitilar ne baki ɗaya.

Sai abin da aka ƙara da hannu. Ƙwai biyu masu wat 55 suna jan kimanin amfiya 9. In aka sa masu wat 100 don a rama wa masu kashe wa mutum ido da ful, jan ya koma kusan 17, a kan waya da soket ɗin da ba a yi su don haka ba. Ƙwan LED da aka cusa a gidan da aka ƙera wa halojin yakan watsa haske ko'ina, ya makantar da na gaba, ba tare da ya ƙara wa mai shi nisan gani ba. A sigina kuma ya sa ta ƙyaftawa da sauri saboda ba ya jan wuta sosai, motar ta ɗauka ƙwai ya mutu.

Hadiman da ke kula da motocin manya sun fi kowa sanin sauran: jiniya, fitila mai walƙiya, na'urar bin sawun mota, ƙararrawar ɓarayi, kyamarar ribas. Sau da yawa an feƙe wayar fitila ne aka murɗa sabuwa a kai aka naɗe da salatif, wanda zafin Maris ke narkar da gamonsa. Yadda ya dace shi ne kowane ƙari a ja masa tasa waya daga batir, da nasa fiyus kusa da batir ɗin, da nasa rile, a kuma haɗa wayoyi da dalma ko matsi mai kyau. A sababbin motoci abin ya wuce nan, domin kwamfuta ce ke ba fitilu wuta, makunni saƙo kawai yake aika mata. Soka testa a kowace waya da aka gani yana iya ƙone abin da kuɗinsa ya ninka na fitilar sau da yawa. Wayoyi masu rigar rawaya na jakar iskar kariya ne, ba a taɓa su. Fitilar zenon kuma tana tashi da wutar da ta haura volt 20,000, don haka ba a kusantarta sai an kashe komai.

Masu wayarin suna nan birjik, daga garejin Apo zuwa rumfunan bakin titi a Mararaba da Masaka, kuma girman shago ba ya nuna gwaninta. Ana gane nagari ne a mintunan farko: ya yi tambaya, ya buɗe gidan fiyus, ya ɗauko mita kafin reza, in ya sauya abu ya miƙo tsohon a gani. Mai mota kuma ba ya rasa komai in ya ajiye 'yan fiyus na 10 da 15 da 20, da ƙwan gaba ɗaya da na birki ɗaya, a aljihun dashbod.

Duba fitilun baya ba ya buƙatar kowa. Da dare a ja mota da baya kusa da bangon gida, a kunna danja, a taka birki, a gwada sigina hagu da dama, a sa ribas da ƙafa a kan birki, ana kallon bangon ta madubi. In babu bango, ƙofar shagon da aka rufe ta isa, ko yaron gida ya tsaya daga gefe yana faɗin wadda ta kama.